Tambaya da Amsa: Na Sayi Jirgin Ruwa, Amma Takardunsa Suna Ɗauke da Sunan Wani

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni mazaunin Lagdo ne a arewacin Kamaru, sana'ata su da ɗaukar kaya a kan ruwan madatsa. Bayan ƙaramar salla na sayi jirgin katako na hannu tare da injinsa Yamaha mai ƙarfin doki 40 a wurin wani abokin sana'a, a kan sefa miliyan 1 da dubu 800. Na biya miliyan 1 da dubu 500, saura dubu 300 muka yi alkawari zan cika idan kifi ya kama. Mun rubuta takarda da hannu a gaban sarkin ruwa da shaidu biyu, amma mai sayarwa ya ba da shawara mu rubuta dubu 900 kawai, wai don kada haraji ya yi mini yawa, ni kuma na yarda. Da na je a mayar da jirgin sunana, sai aka nuna mini cewa sunan da ke kan katin rajista na wani mutum ne dabam, wanda ya sayar wa abokin nawa tun da daɗewa, ya koma gida wajen Yola, kuma babu wata takarda a tsakaninsu. Injin ma ba shi da takardar duwan, wato kwastan, lambarsa kuma ba ta cikin takardarmu. Yanzu wani ya ce sai na biya harajin sayarwa na TVA, wani ya ce tara ce ke jirana, mai sayarwa kuwa ya matsa mini a kan cikon kuɗinsa. Malam, jirgin nan nawa ne a idon doka? Wa zai biya harajin? Kuma in cika masa kuɗin ko in dakata?

Daga wani mai karatu a Lagdo

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce mai gaggawa: ka dakata da biyan cikon nan. Dubu 300 ɗin da ke hannunka su ne kaɗai abin da zai sa mai sayarwa ya tashi ya nemo maka takardun da suka ɓace, kuma ranar da ka miƙa masa su, ranar ce matsalar za ta zama taka kai kaɗai. Wannan dakatawa ba cin amana ba ce. Dokar farar hula da ake aiki da ita a yankunanmu masu amfani da Faransanci ta ce a sashe na 1653, idan mai saye yana da dalili mai ƙarfi na tsoron cewa wani zai taso masa da da'awar mallakar abin da ya saya, yana da ikon tsayar da biya har sai mai sayarwa ya kawar da wannan barazana ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Sashe na 1615 kuma ya ɗora wa mai sayarwa miƙa kaya tare da duk abin da ke biye da su, kuma takardun da ba a iya amfani da jirgi sai da su suna cikin abin da ke biye da shi. Saboda haka abokin cinikinka bai gama miƙa maka kayanka ba tukuna. Sai dai kada ka yi shiru ka bar shi yana zaton taurin bashi kake yi. Ka koma da shi gaban sarkin ruwa da shaidun nan biyu, ka faɗi dalilinka a fili, idan ma ya fi kwantar masa da hankali ka ajiye kuɗin a hannun wanda ku biyu kuka amince da shi, da sharaɗin za a ba shi a ranar da takardu suka cika.

Yanzu sai batun mallaka, kuma a nan ya kamata ka gane cewa abu biyu ka saya a ciniki ɗaya, kowanne da tarihinsa: gangar jikin jirgin, da kuma injin.

Game da jirgin, ciniki a tsakaninku ya ƙullu tun lokacin da kuka daidaita a kan kaya da farashi, kamar yadda sashe na 1583 ya tanada. Amma mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba, sashe na 1599 ma ya ce sayar da kayan wani ɓatacce ne. Mai yiwuwa ƙwarai abokinka ya sayi jirgin da halalinsa, ni ma haka nake kyautata zato, to amma ma'aikacin da ke riƙe da littafin rajista a ofishin sufuri ba ya aiki da zato. Abin da yake gani shi ne suna ɗaya a littafi, wani suna dabam a takardar sayarwa, babu abin da ya haɗa su. Da jirgin bai taɓa shiga rajista ba, kamar yawancin ƙananan kwale-kwalen da kafintoci ke haɗawa a bakin ruwa, da riƙonsa a hannunka da shaidar mutanen kwata sun yi maka amfani sosai. Tun da ya shiga, sunan da ke littafi shi ake bi, kuma dole ne takardu su jeru tun daga mai sunan har zuwa kanka ba tare da giɓi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemo mutumin da ya koma Yola. Tsakanin Garwa, babban birnin da ke kusa da ku, da Yola ba wata duniya ba ce, kogin Binuwai ɗaya ne ya ratsa garuruwan biyu, kuma masunta da fataken kifi ba sa rasa labarin juna. Abin da ake buƙata a wurinsa shi ne takardar da ke cewa ya sayar wa wane jirgi mai lamba kaza a shekara kaza, ya karɓi kuɗinsa, ba shi da sauran haƙƙi a kansa, tare da hoton katin shaidarsa, kuma hukuma ta tabbatar da sa hannunsa. Zuwansa da kansa ya fi, domin takardar da aka yi a wata ƙasa tana iya jawo ƙarin tambayoyi da buƙatar fassara. Kuɗin wannan tafiya a wuyan wanda ya sayar maka yake, domin giɓin nasa ne. Idan mutumin ya rasu, magadansa ne za su sa hannu. Idan an neme shi an rasa, sai a tara shaidun cinikin farko a gaban jauro ko lawan na wurin a rubuta abin da suka sani, a kai wa ofishin sufuri, in kuma ofishin ya ce bai gamsu ba, kotu ce ke da ikon yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar da ta ɓace. Wannan hanya tana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa nake cewa a fara da neman mutumin.

Injin ne ya fi damuna, domin shi ne ya fi tsada a cinikin, shi ake sata, shi kuma ake tsallaka iyaka da shi cikin dare. Injin Yamaha yana da ɗan faranti a jikin maƙalin da ake ɗaure shi da shi a bayan jirgi, wanda ke ɗauke da samfurinsa da lambarsa. Ka je yau ɗin nan ka duba. Idan farantin yana nan lafiya, ka kwafi lambar, ka ɗauki hotonta da waya. Idan an kankare shi ko an cire, to ka tsaya cak, kada ka ƙara fita ruwa da injin kafin ka sami cikakken bayani, domin dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru a sashe na 324 tana hukunta wanda ya riƙe kayan da ya sani ko yake da dalilin zargin cewa na sata ne.

Mutane da yawa sun ji ana cewa a kayan da ake iya ɗauka, riƙo shi ne mallaka. Haka sashe na 2279 na dokar farar hula ya ce, amma ya ci gaba da cewa wanda aka sace wa kaya ko suka ɓace masa yana da shekara 3 daga ranar sata ya karɓe su a hannun duk wanda ya same su, ko da mutumin ya saya da zuciya ɗaya. Sassaucin da sashe na 2280 ya yi na wanda ya saya a kasuwa ne, ko a wajen gwanjo, ko a hannun ɗan kasuwar da sana'arsa ce sayar da irin kayan: shi sai mai kaya ya mayar masa da kuɗin da ya biya kafin ya karɓa. Ka san yadda ake sayen sa a kara, inda dillali ke tsayawa ya ce ya san mai dabbar, a yanki takardar kasuwa, ta yadda ko rigima ta taso akwai wanda za a kama. Wanda ya sayi inji a bakin ruwa a hannun abokin sana'a ba shi da wannan kariya, abin da ya rage masa kawai shi ne ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa.

A nan ne ɓarnar rubuta dubu 900 take fitowa fili. Ka ɗauka gobe wani ya zo da rasit da lambar injin nan ya tabbatar nasa ne, aka karɓe, kai kuma ka kai ƙarar abokin cinikinka. Takardar da kuka sa wa hannu ta ce dubu 900 ne kuɗin jirgi da inji gaba ɗaya, alhali miliyan 1 da rabi suka bar aljihunka. Dubu 600 ke nan da ba su da wata shaida a rubuce, kuma kotu tana fifita abin da aka rubuta a kan abin da aka faɗa da baki. Harajin da kuka so ku rage bai kai kusa da wannan ba. Ga shi kuma ofishin haraji yana da ikon ƙin yarda da farashin da ya ga ya yi ƙasa da darajar kaya, ya yi nasa ƙiyasin, ya ɗora tara idan ya gano an ɓoye gaskiya, kuma duk wanda ya san ruwa ya san inji mai doki 40 da jirginsa sun wuce abin da kuka rubuta. Ta fuskar addini ma, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi da adalci da kafa shaidu idan muka yi ciniki, kuma shaidun da suka sa hannu a kan adadin da suka san ba shi ne ba an jefa su cikin abin da bai kamace su ba. Gyaran yana hannunku: ku sake rubuta sabuwar takarda da farashi na gaskiya, a ambaci abin da aka biya da abin da ya saura.

Sabuwar takardar ta ƙunshi cikakken sunan kowannenku da lambar katin ɗan ƙasa, tsawon jirgi da faɗinsa da irin katakonsa da lambar rajistarsa, samfurin inji da ƙarfinsa da lambarsa, kuma a raba kuɗin jirgi da na inji, kowanne a layinsa, domin in ɗaya ya sami matsala a san abin da za a mayar. A rubuta cewa mai sayarwa ya tabbatar babu bashi ko jingina a kan kayan, kuma ya ɗauki alhakin duk wanda ya taso da da'awa. A yi ta da Faransanci domin ofisoshi, a karanta wa kowa da Hausa ko Fulatanci kafin ya sa hannu, a yi kwafi na asali ga kowane ɓangare, a manna tambur, wato kan sarki na haraji, a kai wa kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko ofishin magajin gari ko na supirefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, a tabbatar da sa hannun. Maganar jingina kada ka ɗauke ta da wasa, domin masunta da dama da bashin ƙananan bankuna ko na fataken kifi suke sayen inji. A ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, waɗanda Kamaru da Cadi duk suke bi, ana iya jinginar da kaya su ci gaba da zama a hannun wanda ake bi bashin, a rubuta jinginar a rajistar kasuwanci da ke ofishin magatakardar kotu. Tambaya a can da sunan mai sayarwa, da tambaya a wurin shugabannin masunta, za su nuna maka ko akwai mai bin bashi a kan injin.

Sai haraji, inda na ga an haɗa maka abubuwa uku wuri ɗaya har suka rikita ka.

TVA, wanda a Kamaru yake kashi 19.25 cikin 100, haraji ne da 'yan kasuwa da kamfanoni masu rajistar karɓarsa suke ɗorawa a kan abin da suke sayarwa su miƙa wa gwamnati. Masunci da ya sayar da tsohon jirginsa ga ɗan'uwansa masunci ba ya cikin masu karɓar wannan haraji, don haka babu TVA a cinikinku. Abin da ke kanka shi ne kuɗin rajistar takardar ciniki a ofishin haraji, wanda ake lissafawa a kan farashi, da kuɗin tambur, da kuɗin sauya suna a ofishin sufuri. Sashe na 1593 na dokar farar hula ya ce kuɗin takardun ciniki a wuyan mai saye suke, sai fa in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa adadin, saboda haka ka je ofishin haraji da kanka tare da lambar mai biyan haraji, wato NIU, su lissafa maka a rubuce, ka biya ta hanyar da hukuma ta tanada, ka karɓi rasit. Rajistar takarda tana da wa'adi, wanda ya makara ana ɗora masa tara, kuma ana iya rubuta takardar roƙon sassauci a kan tarar. Idan ofishin ya nemi a biya kuɗin cinikin farko da ba a taɓa yi wa rajista ba, wannan na abokinka ne domin shi ne mai saye a wancan ciniki, sai a cire shi daga cikon da ke hannunka.

Na uku shi ne duwan. Najeriya ba ta cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arziƙi ta ƙasashen tsakiyar Afirka da Kamaru ke ciki, don haka injin da ya shigo daga can dole ne a biya masa kuɗin fito, kuma a dokar duwan wanda aka samu da kayan a hannunsa shi ake tuhuma, ko da ba shi ya shigo da su ba. Ka tambayi abokinka rasit ɗin shagon da aka sayi injin. In a Garwa ko Marwa ko Duwala aka saye shi a hannun ɗan kasuwa mai rajista, rasit ɗin zai taimake ka ƙwarai. In babu ko ɗaya, gara ku tafi tare ofishin duwan ku nemi a daidaita takardun injin, domin wanda ya kawo kansa ya fi samun sauƙin sulhu a kan wanda aka tare a tsakiyar ruwa. Wannan kuɗi ma a ganina na mai sayarwa ne, tun da inji mai cikakkun takardu ka yi ciniki a kansa. Ka kuma tuna cewa izinin kamun kifi da ma'aikatar kiwo da kamun kifi ke bayarwa da sunan mutum ake yin sa, na abokinka ba zai biyo jirgi ya zo maka ba, sai ka nemi naka.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Maigidana ya rasu bara, ya bar jirgi mai inji da yake ɗaukar kaya da shi a kogin Logon. Muna da 'ya'ya, wasu ba su balaga ba. Ƙanensa ya samo mai saye daga Njamena, ya ce shi zai sa hannu a madadin kowa tun da takardun suna hannunsa, kuma mai sayen ya ce zai gyara komai idan ya tsallaka da jirgin. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu yi?

Daga wata mai karatu a Kusuri

AMSA

Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Daga ranar rasuwa jirgin ya zama dukiyar magada baki ɗaya, kuma riƙe takardu bai mayar da ƙanen mijinki mai shi ba. Tun da akwai 'ya'ya, ke kina da tumuni a shari'a, idan kuma a cikinsu akwai namiji to ɗan'uwan mamaci ba ya cikin masu gado, ko da yake yana iya zama wakili idan kun naɗa shi. Naɗin nan sai ya kasance a rubuce. Dangi su zauna a rubuta sakamakon zaman, a fayyace magada da wanda zai kula da dukiyar da wanda zai tsaya wa marayu, a kai kotu ta ba da hukuncin tabbatar da magada. Da wannan hukunci da takardar shaidar rasuwa ne wakili zai iya sa hannu a ciniki ya zama ingantacce. Kafin rabo kuma a fara biyan bashin da ke kan mamaci, har da wanda ya shafi jirgin ko injinsa. Kason yara ƙanana amana ne, a rubuta adadinsa da wurin da aka ajiye shi a gaban shaidu.

Alkawarin mai saye cewa zai gyara komai a can shi ne abin da ba zan ba ki shawarar karɓa ba. Kusuri da Njamena ruwa ne kawai ya raba su, gadar Ngeli ta haɗa su, kuɗinsu ɗaya, amma littafin rajista na Kamaru dabam yake da na Cadi. Idan jirgin ya tsallaka da lambarsa ta Kamaru da sunan marigayi, duk abin da aka yi da shi daga baya, ko haɗari ne da fasinja, ko kayan fasa-ƙwauri, gidanku za a fara nema. Kin kuma san yadda sha'anin tsaro yake a Logon da Shari har zuwa Tafkin Cadi tun da rikicin Boko Haram ya shafi yankin, inda jami'ai ke bin diddigin jiragen ruwa masu inji da masu su. Gidan marayu ba ya buƙatar irin wannan tambaya.

Saboda haka a gama komai a Kusuri kafin jirgi ya motsa. A rubuta takardar ciniki da farashi na gaskiya da lambar jirgi da ta inji, a sa rana da lokacin miƙa kaya, a tabbatar da sa hannu a gaban hukuma, mai saye ya ba da hoton katin shaidarsa ya kuma biya kuɗin rajistar takardar. Wakilinku ya kai kwafi ofishin sufuri ya nemi a cire jirgin daga rajistar Kamaru, ya karɓi shaidar cirewar, wadda mai sayen ma zai buƙace ta kafin a ba shi lamba a Cadi. A sanar da ofishin haraji da na magajin gari cewa sana'ar marigayi ta tsaya, domin kada harajin shekara ya ci gaba da taruwa da sunansa. Abin da duwan da ofishin haraji na Cadi za su nema a wajen shigar da jirgin, wannan tsakaninsu ne da mai saye, kuma a rubuta haka a cikin takardar. Kuɗin cinikin a karɓe shi cikakke a gabanki da gaban shaidu kafin a miƙa inji da katin rajista, ke kuma ki riƙe kwafi na asali na kowace takarda a hannunki, dabam da wanda ƙanen mijinki zai ajiye.